Tauri Daban, Juriya Daban: Tarihin Gwajin Ƙarfe Daga Maƙera Zuwa Gudumar Charpy

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya san magagari. Shi ne mai cin sauran ƙarafa: a goga shi a bakin gatari ya rage shi, a goga shi a kan ƙusa ya mai da ita gari. Amma in aka ɗora magagarin nan bisa uwar maƙera aka sauke masa masaba sau ɗaya, sai ya ɓalle gida biyu kamar tangaram. Ƙusar da yake ci kuwa, a yi ta dukanta har a gaji, iyakarta ta lanƙwashe. To, mai karatu, wane ne ya fi wani ƙarfi a cikinsu?

Tambayar ba ta da amsa guda, domin kalmar ƙarfi ta haɗiye halaye biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko shi ne tauri, wato yadda abu ke ƙin a karce shi ko a lotsa shi. Na biyu shi ne juriya, wato yawan dukan da abu ke iya shanyewa kafin ya karye. Kishiyar tauri ita ce laushi, kishiyar juriya kuwa gautsi. Magagari yana da tauri tare da gautsi, ƙusa tana da laushi tare da juriya. Faransanci ma ya raba su biyu, dureté da ténacité, kuma ɗalibanmu na makarantun fasaha sukan hardace kalmomin don jarrabawa, ba tare da an ba su labarin yadda aka yi aka raba su ba.

Wannan labarin ne maƙalar za ta bi. Za mu ga cewa maƙera sun daɗe da sanin bambancin, amma sai da ƙarfe ya fara ɗaukar ɗaruruwan mutane a jiragen ƙasa da na ruwa, sai kuma da aka yi asarar rayuka masu yawa, sannan aka mai da sanin maƙeri ya zama lamba wadda kowa ke iya dubawa.

1. Awon maƙeri

Sarrafa ƙarfe tsohon al'amari ne a ƙasarmu. Masu tonon kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a duwatsun Tarmit, gabashin Nijar, waɗanda suka riga haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnuka. A ƙasar Adar ma an ci gaba da narkar da tama har cikin ƙarni na 20, kuma wata mai bincike Bafaransa, Nicole Échard, ta ɗauki fim ɗin aikin a shekarun 1960, sa'ad da sana'ar ke gab da ɓacewa saboda yawaitar tsofaffin ƙarafan Turai a kasuwanni. Maƙerin yau, ko na ƙauye ko na kasuwar Katako a Yamai, da ƙarafan matattun motoci yake aiki, musamman faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota daga ƙasa, domin shi ne ke karɓar ruwa da kyau.

A wajen ba ƙarfe ruwa ne gwanintar maƙeri ke fitowa. Yakan zuga wuta har bakin gatarin ya yi jawur, zafin ya kai wajen digiri 800, sai ya tsoma shi cikin ruwa ko mai. Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, wanda ido ba ya gani, shi ne ɗan sinadarin gawayi da ke jikinsa, wato karbon, yakan narke ya bazu lokacin zafi. In aka sanyaya shi farat ɗaya, sai karbon ɗin ya rasa lokacin komawa mazauninsa, ya maƙale, ya takure ƙwayoyin ƙarfen. Daga nan tauri ke zuwa, daga nan kuma gautsi ke zuwa. Shi ya sa gogaggen maƙeri ba ya tsayawa a nan. Yakan sake ɗumama ƙarfen a hankali, tsakanin digiri 200 da 300, yana kallon launin da ke bin gogaggen bakin: da fari ruwan busasshen haki, sannan ƙasa-ƙasa, daga baya shuɗi. Aska tana son launin farko, domin kaifi ake nema a gare ta. Abin da zai sha duka kuwa sai a bar shi ya matsa wajen shuɗi, a rage masa tauri don a ƙara masa juriya.

Maƙeri yana da hanyoyinsa na awo. Yakan goga magagari: in ya zame bai kama ba, ƙarfen ya yi tauri. Yakan ƙwanƙwasa ya saurari amo, domin ƙarfen da ke da ɓoyayyar tsaga muryarsa a dushe take. Yakan lanƙwasa ya ga ko zai koma yadda yake, ko kuwa ya karya guntu ya dubi ƙwayar karayar. Duk gwaje-gwajen da za mu ambata a gaba jikokin waɗannan ne. Sai dai sanin maƙeri a idonsa da kunnensa yake zaune, ba ya rubutuwa a takarda, ba a kuma iya aika shi wani gari. Wannan bai dami kowa ba muddin mai saye ya san mai ƙira. In hauya ta karye a gona, manomi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, asarar kuma ba ta wuce ta yini guda ba.

2. Masanan farko

A Turai ma haka abin yake har farkon ƙarni na 18. Faransa a lokacin tana sayo mafi yawan ƙarfenta mai kyau daga waje, asirin yin sa kuwa yana hannun iyalan maƙera da ba su faɗa wa kowa. Wani masani, René-Antoine de Réaumur (1683-1757), ya ɗauki shekaru yana gasa ƙarafa da haɗe-haɗe iri-iri, yana karya su, yana duba karayar da madubin ƙara girma, yana zana abin da ya gani. A 1722 ya buga littafi a kan yadda ake mai da baƙin ƙarfe ya zama ƙarfen makami, inda ya bayyana har da hanyoyin gwada tauri ta hanyar karce ƙarfe da duwatsu masu bambancin tauri. Bai gano ainihin sinadarin da ke kawo bambancin ba. Sai a 1786 wasu Faransawa uku, Vandermonde da Berthollet da Monge, suka tabbatar cewa karbon ne. Amma Réaumur ya fitar da asirin maƙera ya shimfiɗa shi a takarda, inda wani ke iya maimaita gwajin ya gaskata ko ya ƙaryata.

A 1812 wani Bajamushe masanin duwatsu, Friedrich Mohs, ya jera duwatsu goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri, kowane yana kartar wanda ke ƙasa da shi. Na ɗaya shi ne dutsen nan mai sulɓi da ake yin hoda da shi, na goma lu'ulu'un da ake kira daimon. Farcen mutum yana wajen 2,5, gilashi da bakin wuƙa wajen 5,5, dutsen ƙanƙara kuwa 7. Yawancin rairayinmu ɓarɓashin wannan dutse ne, shi ya sa iskar hunturu mai ƙura ke dusashe gilashin mota, shi ya sa kuma bakin hauya ke cinyewa a jigawa. Ma'aunin Mohs yana faɗin wanda ya fi wani, ba ya faɗin da nawa ya fi shi. Game da juriya kuwa ko kalma ɗaya ba ya cewa: daimon ɗin da babu dutsen da ke kartarsa, guduma tana farfasa shi.

3. Ranar da jirgin ƙasa ya canza lissafi

Ranar Lahadi 8 ga Mayu 1842 mutanen Faris sun fita kallon bukin sarki Louis-Philippe a lambunan fadar Versailles. Da marece wani dogon jirgin ƙasa mai kawuna biyu ya ɗauko fiye da mutum 700 zai mai da su gida. Da ya iso Meudon sai sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafun kan jirgin na gaba ta karye. Kan ya kife, na biyu ya hau shi, taragun katako suka hau juna, garwashin injin ya kama su da wuta. A wancan zamani akan kulle ƙofofin tarago daga waje, don haka mutane da dama ba su sami mafita ba. Hukuma ta ƙirga gawa 55, wasu marubuta kuwa suna ganin adadin ya fi haka nesa. Cikin mamatan har da shahararren matuƙin jirgin ruwa Dumont d'Urville, wanda ya kewaya duniya ya dawo lafiya, ya zo ya rasu a nan tare da matarsa da ɗansa.

Babu fasinja ɗaya a jirgin nan da ya san wanda ya ƙera sandar. Amanar da ke tsakanin manomi da maƙerinsa ba ta da wurin zama a nan. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne sandar ta daɗe tana aiki lafiya, kuma nauyin da ta ɗauka ran nan bai fi na kullum ba. Mutane da yawa suka ce girgiza ce ke rikiɗar da ƙarfe ya koma kamar gishiri. A 1843 injiniya Rankine, mutumin Sikotilan, ya duba karyayyun sanduna ya nuna cewa tsagar takan faro ne daga wurin da kaurin sandar ya canza da kusurwa mai kaifi, ta riƙa ci a hankali. Bayansa wani injiniyan jiragen ƙasa na Jamus, August Wöhler (1819-1914), ya ƙera na'urorin da ke juya sanduna ƙarƙashin nauyi sau miliyoyi, ya kuma kammala rahotonsa a 1870. Ya tabbatar da abin da kowane yaro ya sani in yana son tsinka waya ba shi da almakashi: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta tsinke da ƙarfin da bai isa ya tsinka ta a karo ɗaya ba. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Daga 1856, sa'ad da Henry Bessemer ya fito da hanyar yin ƙarfe mai yawa da araha, buƙatar awo ta ƙara tsananta, domin sabon ƙarfen wani zubi ya yi kyau, wani ya yi gautsi, ido kuma ba ya rarrabe su. A 1866 David Kirkaldy (1820-1897) ya buɗe gidan gwaji mai zaman kansa a Landan, da wata na'ura mai aiki da matsin ruwa wadda tsawonta ya haura mita 14, nauyinta ya haura tan 100. Tana jan ƙarfe, tana matsa shi, tana murɗa shi har ya karye, ana rubuta nauyin da ya karya shi. A bisa ƙofar ginin da ya koma a 1874 ya sa aka sassaƙa taken da ma'anarsa ita ce a kawo hujja, a bar ra'ayi. Da gadar kogin Tay ta rufta da jirgin ƙasa a daren 28 ga Disamba 1879, ba wanda ya tsira a cikinsa, wurin Kirkaldy aka kai gutattsarin gadar don a auna su. Na'urar tana nan a ginin har yau, an mai da wurin gidan tarihi.

4. Ƙwallon Brinell da gudumar Charpy

Gwajin ja yana da aibi biyu: yana cin lokaci, kuma abin da aka gwada ya lalace ke nan. Masana'antar da ke fitar da dubban kaya a yini tana son awo mai sauri wanda ba ya ɓata kayan. A babban bajekolin duniya da aka yi a Faris a 1900, wani injiniya ɗan Suwidin, Johan August Brinell (1849-1925), ya nuna dabararsa. Ana ɗora ƙwallon ƙarfe mai tauri, mai faɗin milimita 10, a kan abin da za a gwada, a danna shi da nauyin kilo 3000, a ɗaga, a auna faɗin gurbin da ya bari. In aka raba nauyin da girman gurbin sai a sami lamba. Jan ƙarfe tsantsa yakan ba da wajen 35, ƙarfen gini na yau da kullum wajen 120, ƙarfen da aka ba ruwa ya haura 600. Daga ran nan mai saye a wata ƙasa yana iya rubuta lambar da yake so a cikin yarjejeniya, in kaya sun iso ya auna da kansa.

Wasu suka ɗora a kai. A Amurka, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell, ma'aikatan wata masana'antar ƙwallayen ƙafafun inji, sun nemi rajistar na'urarsu a 1914 suka samu a 1919. Ita zurfin gurbin take aunawa, allura ta nuna lambar nan take, ko leburan da bai yi karatu mai zurfi ba yana iya aiki da ita. A Ingila kuma, a 1921, Smith da Sandland na kamfanin Vickers suka maye gurbin ƙwallon da ɗan tsinin daimon mai kusurwa huɗu, wanda ke iya auna komai daga dalma har zuwa mafi taurin ƙarafa.

Duk waɗannan tauri suke aunawa. Amma injiniyoyin sojan ruwa da na jiragen ƙasa suna ta ganin wani abin mamaki: ƙarfe ya ci jarrabawar ja, ya ci ta tauri, sannan ya faɗo daga kan amalanke ya fashe. Sau da yawa laifin na fosfor ne da ya yi yawa a cikin zubin, ko na zafin da ya wuce kima wajen ƙira. Ana buƙatar awon da zai tona gautsi. Mutane da dama sun gwada: Frémont a Faransa a 1897, Russell a Amurka a 1898, Izod a Ingila a 1903. Wanda sunansa ya bi gwajin shi ne Georges Charpy (1865-1945), injiniya a masana'antar ƙarfe ta Montluçon a tsakiyar Faransa, wanda ya gabatar da aikinsa a 1901, shekarar da ƙungiyar duniya ta masu gwajin kayan ƙira ta yi taronta a Budapest.

Na'urar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa yin lilo. Guduma ce mai nauyi a rataye a kan dogon hannu. Ana ɗaga ta zuwa wani tsayi sananne, a sake ta. In babu komai a hanyarta, sai ta wuce ta hau ɗaya gefen kusan daidai tsayin da ta baro. In aka gitta mata ɗan guntun ƙarfe a ƙasa, sai ta karya shi ta wuce, amma ba za ta kai tsayin farko ba, domin guntun ya shanye wani kaso na ƙarfinta. Ratar da ke tsakanin tsayin biyu ita ce juriyar ƙarfen, ana kuma ƙirga ta da ma'aunin da ake kira jul. Ƙarfe mai gautsi yakan ɓalle tas, karayarsa tana ƙyalli kamar gishiri, gudumar ta wuce kamar ba ta taɓa komai ba. Mai juriya kuwa sai ya lanƙwashe, ya yage da ƙyar, karayarsa ta yi toka-toka, gudumar ta ɗan ɗaga kaɗan ta dawo.

Guntun da ake amfani da shi a yau tsawonsa milimita 55 ne, kaurinsa 10 bisa 10, kuma a tsakiyarsa ana yanka ɗan giɓi mai zurfin milimita 2. A wannan giɓi hikimar gwajin take. Mu dubi mai sayar da yadi a kasuwa: ba ya iya yaga atamfa da hannu daga gefen da yake lafiya, amma in ya ɗan tsaga bakin da almakashi, ja ɗaya ya isa. Mai rake ma yakan zaga sandar da wuƙa kafin ya ɓalla. Duk ƙarfin da aka sa yakan taru a bakin tsagar. Charpy ya nace cewa tun da babu abin ƙira da ya rasa rami ko kusurwa ko ɗan aibi, to, a gwada ƙarfe da aibinsa a jiki. Bayan shekaru, Inglis a 1913 da Griffith a 1921 suka kawo lissafin da ya bayyana dalilin haka.

5. Jiragen da suka rabe biyu

Kada mai karatu ya zaci duniya ta rungumi gwajin nan take. Sai a 1933 Amurka ta fitar da ƙa'idarsa ta farko, ita ma ta wucin gadi, kuma masu sayen ƙarfen jiragen ruwa ba su sa shi cikin sharuɗɗansu ba. Yaƙin duniya na biyu ne ya tilasta musu. Jiragen Jamus masu nutso suna nutsar da jiragen dakon kaya fiye da yadda ake ƙera su, sai Amurka ta shiga ƙera wani samfuri mai sauƙi da aka sa wa suna Liberty. Tsakanin 1941 da 1945 an ƙera 2710. Don a yi sauri aka bar tsohuwar hanyar haɗa faranti da ƙusoshi aka koma walda, aka ɗebo dubban sababbin ma'aikata, maza da mata, aka koya musu aikin cikin makonni.

Ranar 16 ga Janairu 1943, da dare, wani sabon jirgin dakon mai, shi ma na walda, mai suna Schenectady, yana ɗaure a tashar Portland ta jihar Oregon, ruwa kwance, babu iska, babu abokan gaba. Bai daɗe da dawowa daga tafiyar gwaji ba. Sanyin iska ya ɗan sauka ƙasa da sifili. Sai aka ji ƙara kamar ta igwa: jirgin ya tsage daga sama har kusan ƙasa, tsakiyarsa ta ɗago, kai da gindi suka nutse cikin laka. A watan Nuwamba na wannan shekara wani Liberty mai suna John P. Gaines ya rabe biyu a tekun Alaska, mutum 10 suka rasu. Hukumar binciken da gwamnatin Amurka ta kafa ta ƙirga cewa cikin jiragen walda sama da 4600, kusan 1000 sun sami tsaga, ƙarama ko babba.

Da fari masu walda aka ɗora wa laifi, aka ce sababbin hannu ne. Akwai gaskiya a ciki, domin tsagogi da yawa daga mummunar walda suka faro, wasu kuma daga kusurwoyin ƙofofin rumbun kaya, waɗanda aka yanka da kaifi kamar giɓin Charpy. Amma wata masaniyar ƙarafa ta jami'ar Kambirij, Constance Tipper (1894-1995), ta nuna cewa tushen ciwon yana cikin ƙarfen kansa. Irin wannan ƙarfe yana da wani mizanin sanyi wanda in an sauka ƙasa da shi halinsa ke juyewa: farantin da ke lanƙwashewa da rana a tashar jirgi, shi ne ke fashewa kamar kwalba a ruwan arewacin Atilantika. Taurinsa bai canza ba, nauyin da yake ɗauka a gwajin ja bai ragu ba, juriyarsa ce kawai ta zube. A jirgin ƙusoshi, in tsaga ta taso takan tsaya a bakin farantin da ta faro. A jirgin walda kuwa duk jikin ya zama faranti guda, tsagar ta sami hanya har ta zagaye shi.

Da aka yanko guntaye daga jiragen da suka fashe aka sa su a gudumar Charpy a daidai sanyin da haɗarin ya faru, sai aka ga farantan da tsaga ta faro daga cikinsu juriyarsu ƙasa take ƙwarai. Daga nan aka tsai da iyaka ta kimanin jul 20, aka gyara haɗin ƙarfen ta hanyar ƙara manganis da rage karbon, aka zagaye kusurwoyin ƙofofi, aka kuma ɗinka wasu faranti da ƙusoshi a tsakiyar jirgi don su tare tsaga. Ko jirgin Titanic da ya nutse a 1912 da mutum wajen 1500, da aka gano gawarsa a 1985 aka ɗebo guntayen jikinsa a shekarun 1990, gwajin Charpy ya nuna ƙarfensa yana da gautsi a ruwan ƙanƙara, ko da yake binciken baya ya fi karkata ga raunin ƙusoshinsa. A yau, duk ƙarfen gini na Turai da aka rubuta wa S235JR, haruffa biyun ƙarshe alkawari ne cewa zai shanye jul 27 a digiri 20. In an rubuta J2, alkawarin ya kai har digiri 20 ƙasa da sifili.

Kammalawa

Wani zai ce: mu da muke fama da zafin bazara, ina ruwanmu da ƙarfen da sanyi ke fasawa? Amsa ita ce sanyi ƙofa ɗaya ce kawai daga ƙofofin gautsi. Karbon ko fosfor da ya yi yawa a ƙarfen da aka narko daga tarkace yana kawo shi. Mai walda da ya kwara wa aikinsa ruwa don ya huce da wuri yana iya kawo shi, domin ya ba ƙarfen ruwa ke nan bai sake ɗumama shi ba. Ƙarfen gini da ake sayarwa da sunan Fe E 400, lambar tana nufin kowane milimita murabba'i zai ɗauki wajen kilo 40 kafin ya saki, kuma ƙa'ida ta ce a lanƙwasa shi a ga bai tsage ba. Magini da ya ga sanda ta ɓalle a hannunsa wajen lanƙwasawa, ya yi shiru ya zuba mata kankare, ya binne irin giɓin da ya kashe mutanen Meudon a cikin ginin da yara za su zauna. Tukunyar gas da ke cikin ɗakin girki, da bututun mai na kusan kilomita 2000 da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, wanda ya fara aiki a 2024, duk irin kayan da ƙa'idojin duniya ke neman a auna juriyar ƙarfensu ne tun kafin a ƙera su.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu malaman harshe. Kalmar résilience da ta cika takardun ƙungiyoyin agaji in ana zancen fari da yunwa, tun kafin ta iso nan tana bakin masu ƙarfe: har yau Faransawa da ita suke kiran gwajin Charpy. In za mu fassara ta ga manomi, juriya ce, ba tauri ba, kuma duk wanda ya bi labarin nan ya san dalili. Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fanni ba: tauri, laushi, gautsi, danƙo, ƙarko, juriya. Abin da ya rage shi ne a tsai da ma'anar kowace a rubuce, yadda malamin Tawa da na Damagaram za su nufi abu guda in sun faɗe ta. Ƙungiyoyin raya al'adu suna iya farawa da zama da tsofaffin maƙeran Adar da Gobir da Katsina da Damagaram, a rubuta sunayen da suke ba ƙarafa da launukan wuta da aibobin ƙira, tun masu sanin suna raye.

Darasin kansa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Allurar ɗinki uku da awartaki da wutar gawayi da kofin ruwa sun isa. A gasa ta farko ta yi ja a bar ta ta huce a hankali: za ta lanƙwashe kamar waya. A gasa ta biyu a tsoma ta cikin ruwa: za ta karci kwalba, amma da an tanƙwasa ta sai ta ɓalle. A yi wa ta uku yadda aka yi wa ta biyu, sannan a ɗumama ta kaɗan har ta yi shuɗi: za ta tanƙwasu ta koma yadda take. In da hali, a gayyato maƙerin unguwa ya yi gwajin da hannunsa a gaban ɗalibai, ya faɗi sunan kowane mataki da bakinsa, malami kuma ya rubuta a allo, ya ɗora sunayen Brinell da Charpy da Tipper a gefe tare da shekarunsu.